Kogin Haɗeja: Rabon Ruwa Tsakanin Na Sama da Na Ƙasa

Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka haifi Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara gabas, ya gamu da Kogin Jama'are kafin Gashuwa, suka zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar har ya faɗa Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni, duk damina ruwan nan kan yi ambaliya a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, in ruwa ya janye a yi noman rani a kan laima, sannan makiyayi ya kawo shanunsa.

Fari na farkon shekarun 1970 shi ya sauya lissafi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa. Ba za mu yi musun amfaninsu ba. Da ruwan Tiga ake noman alkama da tumatir da shinkafa a Kadawa da Kura, birnin Kano ma yana sha daga waɗannan koguna.

To, amma abin da aka tare a sama, na ƙasa ne aka rage wa. Ambaliyar damina ta ragu, rijiyoyi suka yi zurfi. Sannan madatsun suka riƙa sako ruwa rani da damina, ga shi kuwa da can kogin kan ƙafe da rani. Wannan ya ba kacalla damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen janbaki masu cinye hatsi. Sai ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya cinye gonakin wajen Nguru, alhali wasu garuruwan suna kukan ƙishirwa.

A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka auna abin da fadamun ke samarwa na noma da kifi da itace. Suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo riba a kan irinsa da aka kai gonakin ban-ruwa na Kano. Ashe kare fadama ma neman arziki ne. Wannan hujja tana cikin abin da masu adawa da madatsar Kafin Zaki, a kan Kogin Jama'are, suka riƙe.

A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 kuma jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, rabon ruwa ya ƙunshi yawa da kuma lokaci. In za a sako ruwa mai yawa da damina, a taƙaita shi da rani yadda kogin ya saba, manomin Kadawa zai ci, masuncin Nguru ma zai ci.