Tsumburbura da Masu Ziyararta a Gindin Dala

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa kafin zuwan Bagauda, wajen shekarar 999, mazauna Dala Tsumburbura suke bauta wa. Mazauninta wata itaciya ce, Shamus, da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, ɗan zuriyar Dala. Sau biyu a shekara yakan sauko daga dutsen, jama'a su taru daga kowace kusurwa da baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuru. Bayan yanka sai ya shiga shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da shekara ta ƙunsa.

An ce waɗannan ranaku sun dace da Idi biyu. Nan fa manazarci zai yi hattara, domin Musulunci bai iso Kano ba tukuna. Da alama malamin ƙarni na 19 ne ya auna tsohuwar al'ada da kalandar da ya sani.

Sarki Tsamiya (1307–1343) ya rushe katangar. Itaciyar kuwa ta tsaya har zamanin Rumfa (1463–1499), sannan aka sare ta, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta.