Hamman Yaji da Obisesan: Littattafan Ajiyar Rana Guda Biyu

A tsakanin 1912 da 1927, Hakimin Madagali, Hamman Yaji, yana sa malaminsa ya rubuta masa da Larabci abin da ya faru a ranarsa: harin da ya tura kan mutanen duwatsun Mandara, adadin bayi da shanun da aka kamo, kyautar da ya bayar, cinikin da ya yi. Lissafinsa tsaf yake. Abin da mai karatu zai nema ya rasa shi ne wurin da ya tsaya ya tuhumi kansa. Yadda ake ƙirga awaki, haka yake ƙirga 'yan Adam. Da Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927, littafin ya faɗa hannunsu, ya zama shaida a kansa.

A wannan zamanin ne kuma, can a Ibadan, Akinpelu Obisesan, mai harkar koko, yake cika nasa littafin da Turanci, kuma ya yi kusan shekara 40 bai daina ba. Duk da tarin hidima, yakan zauna ya rubuta bashin da ke wuyansa, da ƙuncin da yake ji in ya dubi dukiyar attajirai irin su Salami Agbaje, wani lokaci har ya ɗora wa kansa laifi. Wannan shi ne kusa da abin da malamanmu ke kira muhasaba. Mutumin da ke kukan talauci a waɗancan shafuka, shi ne daga baya ya jagoranci ƙungiyar gama kai ta manoman koko a Yammacin Najeriya. Ya rasu a 1963, takardunsa suna ajiye a Jami'ar Ibadan.