Daga Gidajen Zuhudu na Bama Zuwa Teburin Ofis: Tarihin Horon Tattara Hankali

A ƙarshen watan Nuwamba na 1885 sojojin Birtaniya suka shiga birnin Mandalay, suka tuɓe Sarki Thibaw, suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, inda ya ƙare rayuwarsa. Bama ke nan, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, wadda dakarunmu suka je yaƙi a dazuzzukanta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba kowa zai haɗa wannan rana da manhajar da ke cikin wayar ma'aikacin banki ba, wadda ke ce masa ya rufe ido ya bi shigar numfashinsa da fitarsa na minti goma. Amma horon tattara hankali, a siffar da duniya ta san shi yanzu, faɗuwar wannan sarauta ce ta buɗe masa hanya.

Shi horon tsoho ne ƙwarai. Yana rubuce a littattafan addinin Buda na harshen Pali tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, musamman a wani nassi mai suna Satipatthana, wanda ke koya wa mutum ya zuba ido a kan jikinsa, da abin da yake ji na daɗi ko zafi, da halin da zuciyarsa ke ciki, ya ga yadda kowannensu ke zuwa ya wuce. Manufar a wurinsu ta addini ce tsantsa: kuɓuta daga maimaita haihuwa da mutuwa, kamar yadda aƙidarsu ta tanada. Kuma tsawon ƙarnuka aikin 'yan zuhudu ne, su ma kaɗan daga cikinsu. Talaka nasa shi ne ya zuba abinci a ƙwaryar mai zuhudu, ya kiyaye dokoki, ya sa ran lada.

A Bama sarki ne garkuwar addini. Mahaifin Thibaw, Sarki Mindon, ya tara malamai a 1871 suka bi nassoshin suka tantance, kuma a zamaninsa aka sassaƙa su a kan allunan dutse 729 da ke nan a Mandalay har yau. Da sarauta ta faɗi, Turawa kuma suka ce ba ruwansu da ɗaukar nauyin addinin kowa, sai tsoro ya kama mutane cewa addinin zai shuɗe. Wani malamin zuhudu, Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya ga cewa tunda babu sarki, to jama'a ce za ta riƙe amanar. Ya yi ta rubutu da harshen Bama mai sauƙi, injin ɗab'i na yaɗawa, yana yawo gari gari yana kafa ƙungiyoyin karatu. Abin da ya fi tasiri cikin koyarwarsa shi ne cewa ba dole sai mutum ya shafe shekaru a daji yana neman zurfin nutsuwa ba. Manomi da ɗan kasuwa na iya farawa da ɗan abin da suka samu na natsuwa, su shiga lura kai tsaye.

Daga nan tafiyar ta zama irin ta fatake, kowane zango sai an sauke wani kaya kafin a iya wucewa. A wannan zango na farko, rigar zuhudu aka ajiye.

Wani manomi, Saya Thetgyi, ya karɓi koyarwar da izinin Ledi, shi kuma ya koyar da wani ma'aikacin gwamnati mai suna U Ba Khin, wanda ya zama Akanta Janar na Bama da ta sami 'yancin kai a 1948. Masu ɗaukan cewa kamfanonin Amurka ne suka fara kai wannan horo ofis sun makara. U Ba Khin ya ware ɗaki a ma'aikatarsa yana koyar da akawunansa, kafin ya buɗe cibiya a Rangun a 1952. A ɓangare guda kuma Firaminista U Nu ya gayyato wani malamin zuhudu, Mahasi Sayadaw, zuwa Rangun a 1949 don ya shugabanci wata babbar cibiya. Hanyar Mahasi mai sauƙin koyo ce: ka lura da ɗagawar cikinka da saukarsa, duk abin da ya gifta, tunani ne ko ƙaiƙayi ko ƙarar wani abu, ka ambace shi a zuci ka bar shi ya wuce.

Cikin almajiran U Ba Khin akwai wani attajiri ɗan asalin Indiya haifaffen Mandalay, S. N. Goenka, wanda ciwon ɓarin kai ya addabe shi har likitoci suka koma yi masa allurar kashe zafi. Da ya je neman shiga, U Ba Khin ya ce masa in don ciwon kai kawai ya zo, to ya koma wajen likita, domin wannan ƙasƙantar da horon ne. Goenka ya gyara niyya, ya zauna shekara 14 yana koyo, sannan a 1969 ya koma Indiya ya fara gudanar da zaman kwana goma na shiru, yana cewa ƙofa a buɗe take ga mai kowane addini. Duk da haka, wanda ya shiga sai ya ɗauki alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba alfasha, ba ƙarya, ba shan abin maye. Ana kuma rufe zaman da horon fatan alheri ga dukan halitta. A riƙe wannan, domin duk abin da ya shafi zama da mutane a cikin tsarin, a nan yake.

Shekarun nan ne samarin Turai da Amurka ke kwarara Asiya neman abin da ya fi ƙarfin abin duniya. Joseph Goldstein da Jack Kornfield sun fara zuwa Tailan aikin sa kai. Goldstein ya wuce Bodh Gaya a Indiya ya yi karatu, Kornfield ya shiga zuhudu a hannun malamin zuhudu Ajahn Chah. Sharon Salzberg ta zauna zaman Goenka a farkon 1971. Da suka koma gida, su ukun da abokansu suka sayi wani tsohon ginin 'yan Katolika a garin Barre na jihar Massachusetts, suka buɗe cibiya a 1976. Sun rage rusunawa da yawan karatun Pali, sun bar zaman shiru. A daidai wannan lokaci wani ɗan zuhudu ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda yaƙi ya raba da ƙasarsa, ya rubuta doguwar wasiƙa ga matasan da ke aikin agaji a ƙauyukan da bama-bamai suka rusa. An fitar da ita littafi da Ingilishi a 1975, kuma ita ta shigar da horon cikin wanke kwanuka da shan shayi da tafiya a ƙasa. Ana yawan mantawa cewa waɗanda ya rubuta wa mutane ne da ake kashe abokan aikinsu.

Babban juyin ya zo a 1979. Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta da ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT, yana cikin wani zama a Barre sai dabara ta faɗo masa: me zai hana a kai wannan abu asibiti? Ya shawo kan hukumar asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts da ke Worcester, aka ba shi wuri a ɗakunan ƙarƙashin gini, ya ce wa likitoci su turo masa marasa lafiyar da magani ya gaza a kansu, masu ciwon baya na shekaru da makamantansu. Abin da U Ba Khin ya ƙi yi, shi ne Kabat-Zinn ya mayar sana'a, kuma a ganina ya yi daidai, don mutumin da ciwo ya hana barci yana da haƙƙin a taimake shi ko da bai zo neman wata haƙiƙa ba.

Tsarin da ya fitar shi ne har yau ake kwafa. Mako takwas, haɗuwa sau ɗaya a mako na kusan awa biyu da rabi, aikin gida na minti 45 kullum da kaset, da yini guda na shiru. A ranar farko ana ba kowa ƙwayar zabibi ya duba ta, ya shinshina, ya tauna a hankali. Ana kwanciya a bi jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa ka. Ana ɗan miƙe gaɓoɓi irin na yoga. Sunan Buda bai fito ba, da gangan, don kada likitoci su rufe ƙofa, kada kuma majinyaci Kirista ko Bayahude ya ga ana ja masa addini. A 1982 ya buga sakamakon majinyata 51 masu ciwo mai naci. A 1990 littafinsa ya fito. A 1993 wani shirin talabijin na Bill Moyers ya nuna ajin nasa, daga nan asibitoci suka yi ta buɗe irinsa.

Mai karatu zai iya tuno khushu'i a salla ko muraƙaba a wajen ma'abota ɗariƙa. Akwai kama a wajen tsare zuciya daga yawo, amma silsilar daban ce, abin nufin ma daban, kuma tarihin da muke bi bai ratsa ta can ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga masu binciken cutar tsananin damuwa. Zindel Segal a Toronto, Mark Williams a Bangor da John Teasdale a Kambirij suna neman hanyar hana cutar dawowa ga wanda ya warke. Sun lura cewa ɗan ɓacin rai kaɗan ya isa ya tayar wa irin wannan mutum da tsohon saƙe-saƙe: ni ba ni da amfani, kullum haka nake, ba zan taɓa fita ba. Yana ƙoƙarin warware tunanin da wani tunanin, yana ƙara nutsewa. Sai suka haɗa tsarin Kabat-Zinn da nasu ilmin, suka koya wa majinyata su gane tunani a matsayin tunani tun yana ɗan tsiro, su mayar da hankali ga numfashi da jiki maimakon su bi shi. A gwajin da suka buga a 2000 kan mutum 145, waɗanda cutar ta taɓa kayar da su sau uku ko fiye sun sami raguwar komawarta da kusan rabi. Waɗanda ta kama sau biyu kawai ba su ga wannan amfani ba. Hukumar tantance magunguna da hanyoyin jinya ta Ingila ta amince da tsarin a 2004. Wani gwaji mafi girma a 2015, da mutum 424, ya nuna bai fi ci gaba da shan magani ba, amma sakamakonsu ya yi kusa da juna, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ajiye ƙwayoyi da shawarar likitansa.

Daga asibiti sai kasuwa. A 2007 wani injiniyan Google, Chade-Meng Tan, ya buɗe aji ga ma'aikatan kamfanin. Andy Puddicombe, Bature da ya taɓa zuhudu, ya kafa kamfanin Headspace mai manhajar waya da abokinsa a 2010, manhajar Calm ta biyo a 2012. Mujallar Time ta sa batun a bangonta a 2014, 'yan majalisar Birtaniya suka fitar da rahoto a 2015 suna neman a shigar da shi asibitoci da makarantu da wuraren aiki da gidajen yari. A wannan zango aka ajiye malami, aka ajiye 'yan aji da ke jin kukan juna, minti 45 ya koma goma, alkawuran nan biyar kuwa tun tuni babu mai zancensu.

Nan ne raina ke sosuwa. Horon da aka gina a kan kada ka cuci kowa ya zama abin da mai cuta zai iya miƙa wa wanda yake cuta. A 2021 kamfanin Amazon ya nuna wasu 'yan ƙananan akwatuna da ya kafa a sito-sitonsa, inda ma'aikaci zai shiga ya kalli bidiyon natsuwa, a daidai lokacin da ake ta ƙorafin saurin aiki da raunukan da ake ji a wuraren. Jama'a suka yi ca. Shekara biyu kafin nan, Ronald Purser, malamin jami'a a San Francisco kuma mabiyin addinin Buda, ya fitar da littafi yana zargin cewa an mayar da damuwa laifin mai ita, an wanke wanda ya jawo ta. Haka abin yake ko a cikin gida. Miji ko mata da suka koyi tsayawa su ja numfashi kafin su mayar da baƙar magana sun sami abu mai daraja, na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma matar da ake zalunta, in aka ce ta zauna ta lura da ɓacin ranta har ya wuce, an ƙara mata kaya ne.

Masu bincike ma sun fara ja da baya daga zumuɗin farko. Willoughby Britton da abokan aikinta a Jami'ar Brown sun tattara a 2017 bayanan mutanen da zaman ya tayar musu da fargaba, ko tsohon tabon zuciya, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, abubuwan da tsofaffin malaman Asiya suka sani suke kuma sa ido a kansu, manhaja kuwa ba ta ganin fuskar mai amfani da ita. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a makarantu 84 na Birtaniya, da yara fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14. Darasin bai fi abin da makarantun ke koyarwa da ma ba. Yawancin yaran ba su yi atisayen a gida ba. Ba su suka nema ba, manhajar karatu ce ta kawo musu. Malaman da suka koya don kansu su ne suka ɗan sami sauƙin gajiyar aiki, shi ma na ɗan lokaci.

Sai kuma a farkon 2024, William Fleming, shi ma a Oxford, ya duba amsoshin ma'aikata fiye da 46,000 a wuraren aiki 233 na Birtaniya. Waɗanda suka shiga azuzuwan tattara hankali, da na juriya, da masu amfani da manhajojin walwala da kamfani ya raba, ba su fi waɗanda ba su shiga ba lafiyar zuciya. Abu guda da ya nuna alamar amfani shi ne ba ma'aikaci damar fita aikin sa kai don taimakon wasu. Shawarar da Fleming ya bai wa masu kamfanoni ita ce su koma kan jadawalin aiki, da yawan ma'aikata, da halin shugabanni, da yadda aka tsara aikin kansa.