Tarihin Ciwon Jijiyar Gefen Kai

Yau za mu ba ku tarihin wani ciwo da ke kama dattawa, daga mai shekara 50 zuwa sama, mata sun fi maza. Jijiyar jini da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne, ita ce ke kumbura. In aka yi sakaci jini ya kasa isa ido, sai mutum ya makance, ganin kuwa ba ya komowa.

Ciwon nan ba sabo ba ne. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce wani likitan ido na Bagadaza, Ali bin Isa, ya ambaci ciwon kai mai zafi a wannan wuri, wanda kan ƙare da rashin gani. A 1890 Likita Hutchinson na Landan ya ba da labarin wani tsoho da ya kasa sa hula saboda zafin jijiyoyin kansa. A 1932 Likita Horton na Amurka ya yanko ɗan guntun jijiyar, aka duba da madubin likita, aka ga kumburin ƙuru-ƙuru. Sai a 1950 aka gwada maganin kotizon, aka ga yana kwantar da ciwon.

To, amma saura wata wahala. Ciwon yakan kama manyan jijiyoyin ƙirji, inda ba a iya yankowa. Hoton ƙashi, wanda Rontgen ya gano a Jamus a 1895, ba ya nuna kumburin. A wajen 1975 aka ƙera na'urar da ake kira PET a Amurka. Ga yadda take aiki: akan yi wa mutum allurar wani sukari mai fitar da haske wanda ido ba ya gani. Wurin da ya kumbura ya fi naman da ke kewaye da shi shan sukari, saboda haka shi ke bayyana a hoton. A 1999 likitocin Beljiyam suka nuna tana gano wannan ciwo. Sai dai ƙarfin sukarin kan ragu da rabi cikin minti 110, tilas a haɗa shi kusa da na'urar. Dalilin tsadarta da ƙarancinta ke nan.

Kada wannan ya karya muku zuciya. Likita ba ya jiran wannan hoto kafin ya fara magani. Awon jini da taɓa jijiyar sun isa ya fara, hoto ko yanka su biyo baya.

An fi samun ciwon a arewacin Turai, amma baƙar fata ma yakan kamu. Saboda haka ku lura da tsofaffinku. In dattijo ya fara ciwon kai irin wanda bai saba ba, ko fatar kansa na zafi in ya sa hula, ko tsohuwa ta kasa jure tsefe, ko muƙamuƙi ya gaji wajen taunar goro, ko ido ya dushe ya washe, kada a kai shi ga wanzami a yi tsaga ko ƙaho. Kada kuma a saya masa ƙwaya a kemis, domin maganin nan yana iya ta da ciwon sukari da hawan jini.

Ku kawo shi asibitin Wudil ran nan, kada a ce sai Juma'a in an zo kasuwa. In ta kama, za a tura shi Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Ido na ECWA. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.