Harkokin Kasuwanci da Bunƙasar Tattalin Arziki a Jega, Aliero da Maiyama

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Allah Ya albarkace su da ƙasar noma da fadamu, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da ta ratsa yankin.

Jega tana bakin Gulbin Zamfara, kuma kasuwarta ta daɗe tana tara fatake masu cinikin hatsi da dabbobi. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da sana'ar ɗori ta gado. Maiyama kuwa gari ne na manoma gero da dawa da shinkafa.

Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero a 2006, buƙatar gidajen haya, wuraren sayar da abinci, sufuri da shagunan kwamfuta ta ƙaru.

Sai dai babban ƙalubalenmu shi ne adana albasa. Saboda ƙarancin rumbunan zamani, manomi kan sayar da ita da arha lokacin girbi, ko kuwa ta ruɓe masa kafin farashi ya tashi. Don haka muna kira ga masu hannu da shuni, musamman 'yan asalin yankin, da su zuba jari wajen gina rumbunan ajiya da masana'antun busar da albasa da casar shinkafa, domin matasanmu su sami aikin yi a gida.