Tarihin Gwangwani a Gidajen Hausawa

Kafin zuwan kayan kanti, mazubin Bahaushe daga gona da ƙasa da fata yake fitowa. Ƙwarya da gora daga duma ake yin su, tukunya da tulu daga yumɓu, tandun mai kuwa daga fata. Ko ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, gyartai ake kira ya ɗinke.

A Ingila aka yi rajistar fasahar adana abinci a gwangwani a 1810, amma gwangwani bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa irin su John Holt suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da fata, suna sayar da kananzir a garwa, da kifi da madara a gwangwani. Mutanen da suka saba da tattalin ƙwarya ba su ga dalilin zubar da ƙarfe mai kyau ba don kawai abin cikinsa ya ƙare.

Kasuwa ce ta fara cin moriyarsa. Gwangwanayen madara girmansu ɗaya ne, don haka suka zama ma'auni a ƙarƙashin mudu da tiya. Madarar Peak ta shigo Najeriya a 1954, kuma har yau da irin gwangwaninta ake auna shinkafa da wake da sukari ga mai ƙaramin ƙarfi. Mai awo kan cika shi ya yi tozo, mai saye kuma ya duba gindinsa, don akwai masu buga shi ciki su rage awo.

Maƙeran fari su ma sun samu abin yi. Sukan yanka gwangwani, su daddale shi, su liƙe da dalma, su fitar da mazurari da magogi da fitilar aci-balbal. 'Yan garuwa sun daɗe suna rataya garwa biyu a sanda suna kai ruwa gida-gida. Yara na ƙera mota da gwangwani, mata na huda murfinsa su yi asusu. Kuntigi ma, irin wanda Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi, akan yi shi da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya.

Daga baya roba ta karɓe yawancin wannan aiki. Jarkar man girki mai lita 25 ta maye gurbin garwa a kurar mai ruwa, gorar ruwa ta koma ta zoɓo da kunun aya, bokitin bota ya zama mazubin kuka da daddawa. Gwangwanin da ya yi tsatsa ko ya fashe kuwa, 'yan gwangwan ne ke saye su kai a narkar.