Wa Ya Mallaki Waƙar "How Great Thou Art"?

A yawancin littattafan waƙoƙin coci na Turanci, sunan Stuart K. Hine ne ke ƙarƙashin waƙar yabon da aka sani da "How Great Thou Art", tare da alamar haƙƙin mallaka. Wasu kuma sukan ce ta Carl Boberg ce, Hine fassara kawai ya yi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun taƙaita gaskiya, domin wannan waƙa ta bi ta hannaye da harsuna da dama kafin ta zama abin da ake rerawa yau, kuma kowane hannu ya bar tabonsa.

Tushenta dai a Suwidin yake. A shekarar 1885 Boberg, matashi mai wa'azi ɗan garin Mönsterås, ya rubuta "O Store Gud" mai baitoci tara, bayan wani hadari mai tsawa ya taso ya lafa a kan idonsa. Jaridar garin ta buga ta a 1886. Abin lura shi ne, rubutacciyar waƙa ce ya yi, ba tare da kari ba. Mutane ne suka ɗora ta a kan wani tsohon karin gargajiya na Suwidin, har shi kansa Boberg ya ji ana rera ta haka bayan 'yan shekaru, sannan ya buga kalmomin da karin tare a mujallar Sanningsvittnet a 1891. Ke nan tun matakin farko, rabin waƙar na mutanen da tarihi bai riƙe sunansu ba ne. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ikilisiya ana ɗaga murya a wurin amshi ya san cewa karin ne ke fara kama zuciya kafin ma'ana ta iso.

Daga nan Manfred von Glehn ya mai da ita Jamusanci a Istoniya a 1907, Ivan Prokhanov kuma ya fassara ta Jamusancin zuwa Rashanci. Ta Rashancin ce Hine, Baturen Ingila mai aikin bishara, ya ji a Yukren a farkon shekarun 1930. Fassarar fassara ce ta iso masa.

A nan ne hujjar masu cewa Hine mai fassara ne kawai take rauni. Tun 1925 E. Gustav Johnson ya fassara waƙar Boberg kai tsaye daga harshen Suwidin zuwa Turanci a Amurka, fassara mai bin asali sau da ƙafa, amma ba ta yi nisa ba. Hine kuwa ya sake ƙera waƙar ne. Baitoci biyu na farko ya ɗauko ruhinsu daga na Rashanci, yana tuna duwatsun Karfatiya inda ya yi wa'azi. Baiti na uku, mai magana kan gicciye, da na huɗu kan dawowar Almasihu, nasa ne. Na huɗun ya rubuta shi a 1948 a Ingila, lokacin da yake aiki cikin 'yan gudun hijirar Gabashin Turai masu begen komawa gida. Ya buga waƙar a 1949 cikin mujallarsa, Grace and Peace. Ya rage tara zuwa huɗu, ya jera su daga halitta zuwa fansa zuwa ranar ƙarshe, kuma wannan tsari ne ya sa taron jama'a ke iya haddace ta. Aikin mawallafi ne, ba na tafinta ba.

Duk da haka shahararta ba daga Hine ta zo ba. Wani mai wa'azi, J. Edwin Orr, ya ji mawaƙan ƙabilar Naga suna rera ta a Indiya, ya kai ta Amurka. George Beverly Shea ya rera ta a taron bisharar Billy Graham na Toronto a 1955, ya kuma maimaita ta dare bayan dare a na New York a 1957. Kamfanin Manna Music ya riƙe haƙƙin bugawa a Amurka, Elvis Presley kuma ya sa ta a faifansa na 1967. Doka ta san hannu na ƙarshe kaɗai. Adalci ne a ce kuɗin da Hine ya samu an zuba su a wata gidauniya mai tallafa wa aikin bishara, amma hakan bai mayar wa von Glehn da Prokhanov matsayinsu ba, balle mutanen Suwidin masu karin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi na ikilisiyoyin Arewa fassara ce daga Turanci, kuma duk wanda ya daidaita gaɓoɓin Hausa da karin Turawa har waƙa ta zauna a baki ya yi irin aikin da Hine ya yi. Ina kira ga kwamitocin da ke sake buga waɗannan littattafai, da makarantun tauhidi, su binciko wanda ya fassara kowace waƙa, da shekarar, da bugun da ta fara fitowa, su rubuta a ƙarƙashinta tun dattawan da suka san labarin suna raye.